Ranar da Alhaji Nouhou Ya Kori Giya a Lyon

Duk wanda ya taɓa sayen shadda a Belleville ya san Alhaji Nouhou, ko da bai shiga kantinsa ba, domin muryarsa tana riga shi fita titi. Mutumin Maradi ne, gajere mai tumbi, kuma tun da ya sauka Paris ba a taɓa ambaton wani abu a gabansa ya ce bai sani ba. In ana hirar jirgin sama, shi ya taɓa ba matuƙi shawara. In ana hirar ciwon suga, ai likitan unguwa ma wurinsa yake tambaya. Abokan sana'arsa sun daɗe da daina gardama da shi, sai dai su zuga shi su koma gefe su sha dariya.

Ana nan sai ɗan wansa Rachidou, wanda ya riƙa tun yana ƙarami, ya ga yarinya a Lyon. Sunanta Sahadatou, ma'aikaciyar jinya ce, iyayenta suna zaune a Rillieux-la-Pape. Yaron ya kamu ba na wasa ba, har ya rame. Mahaifinsa yana can Maradi, saboda haka neman auren ya faɗo kan Alhaji Nouhou. Waliyyin yarinyar kuwa wan mahaifinta ne, Malam Issa, dattijo mai farin gemu wanda ba ya dariya sai da dalili. An ce ya taɓa sallamar wani manemi don kawai ya ga yana shan ruwa da hannun hagu. In Malam Issa ya ce a'a, to Rachidou ya rasa Sahadatou ke nan, babu ɗaukaka ƙara.

Kowa ya san yadda ake wannan abu. A je gida, a zauna ƙasa, a gaisa, a ajiye goro da alewa, a yi addu'a. Alhaji Nouhou ya ce shi ba zai yi neman aure irin na ƙauye a tsakiyar Faransa ba.

"Restora za mu kai shi," in ji shi, yana nuna wa iyalinsa hoton wani gidan abinci a waya. "Babba. Irin wanda ake buɗe maka ƙofa kamin ka iso."

Rachidou ya karɓi wayar ya karanta, sai fuskarsa ta canza. "Baba, wurin nan kowane abinci da giyarsa ake kawo shi. Ɗanɗanon giya ne sana'arsu. Bari in kira su in ce ba mu sha, sai su kawo mana jus, ruwan 'ya'yan itace kawai."

"Kul! Kowane talaka ya iya cewa ba ya sha. Ni korarta zan yi."

Sai ya gyara zama ya ba su labari. Wai shekarun baya wani Bature mai fitar masa da kaya daga tashar jirgin ruwa ya taɓa gayyatarsa cin abinci. Aka kawo giya, Baturen ya shinshina, ya yamutsa fuska, ya girgiza kai, nan da nan ma'aikata suka hau gudu suna ba da haƙuri.

"Tun ran nan na gane sirrin Nasara," in ji Alhaji. "Babban mutum ba ya karɓar abin da anka fara kawo mai. Kamar shadda ne, wanda ya san kaya sai an sauko mai da na sama. In sun kawo, in shinshina, in ce a mayar. Su kawo wata, in kore ta. Malam Issa ya ga abu biyu lokaci guda: ga Nasara na rawar jiki gabana, ga ni kuma ina korar giya ko ɗigo bai taɓa bakina ba. Wa zai hana irin wanga gida ɗiya?"

Matarsa Hajiya Maimouna ta ajiye ludayi ta dube shi. "Alhaji, kai da ko madara ta lalace sai na hana ka sha?"

"Ina ruwanki da harkar manya?"

"Babu. Yaron nan nika tausayi."

Kafin ranar tafiya duk Belleville ta ji labari, don shi da kansa ya bi kanti-kanti yana rabawa. Mika'il mai gyaran waya ya leƙo ya ce, "Alhaji, an ce Lyon za ka, ka koya ma Nasara shan giya."

"Hana su zan yi," in ji Alhaji. "Ka saurari labari."

"Wallahi muna saurare."

Ranar tafiya ya saka babbar riga fara ƙal, ta sha bugu da sitaci, in ya motsa sai ka ji kamar ana yage takarda. Ya rungumo babban kwanon goro rufe da farin ƙyalle, ya hana kowa taɓawa. A cikin jirgin ƙasa ya yi ta gwada shinshina da kofin shayi, yana yamutsa fuska, har wata tsohuwa da ke zaune kusa da shi ta tambayi Rachidou ko babansa ba shi da lafiya ne.

Gidan abincin yana wani tsohon lungu kusa da kogi. Bayan azahar Malam Issa ya iso cikin farar jallabiya, carbi a hannu. Yana shiga ya ci karo da bango guda cike da kwalabe tun daga ƙasa har rufi, sai ya ja ya tsaya.

"Alhaji, nan ne?"

"Nan ne, Malam. Kada waɗannan su dame ka, yanzu za ka ga yadda nika yi da su."

Suka kama gaisuwa a bakin ƙofa. Ina gajiya, ina iyali, ina sanyi, ina labarin gida, yaya aka ji da ruwan bana a Maradi. Ma'aikacin da ya ja wa Malam Issa kujera ya tsaya riƙe da ita har hannunsa ya gaji. Wata mai karɓar riguna ta miƙo hannu za ta adana kwanon goro, Alhaji ya daka mata harara, ya ture furannin da ke tsakiyar tebur ya kafa kwanonsa a wurin.

Aka kawo abinci na farko. Faranti ne mai faɗin tire, a tsakiyarsa wani ɗan abu kore, loma ɗaya ma sai an yi mata alfarma. Rachidou ya riga ya roƙe su a ɓoye su tsaya kan kifi da ganye, iyakar abin da ya samu ya ceta ke nan. Malam Issa ya yi bisimilla ya haɗiye nasa, ya dubi farantin.

"An fara ne, ko an gama?"

"Haka manya ke ci, Malam," in ji Alhaji, alhali cikinsa yana ƙugi.

Sai ga wanda ake jira. Dogon Bature ne siriri, da baƙar riga da wata 'yar alama ta azurfa a ƙirji, shi ke kula da giyar gidan. Alhaji yana ganinsa ya naɗa shi Sarkin Giya, mu ma haka za mu kira shi. Ya rungumo kwalba kamar jinjiri, ya yi bayanin gonar da aka noma inabinta da shekarar da aka matse shi, sannan ya buɗe ya ɗiga kaɗan a kofin Alhaji, ya ja baya yana jira.

Alhaji ya fito da hankici ya naɗe ƙafar kofin don kada yatsunsa su taɓa. Ya ɗaga sama, ya kanne ido ɗaya, ya kawo hanci daga nesa. Warin ya doke shi har cikin kai, don haka yamutsa fuskar da ya yi ta gaskiya ce.

"Non," in ji shi da Faransancinsa na kasuwa. "Ba ta nuna ba. Mayar."

Sarkin Giya ya ɗaga gira. Ya ɗiba ya kurɓa da kansa, ya juya a baki, ya ce shi bai ji aibi ba, amma tun da baƙo ya ƙi, zai kawo wata. Alhaji ya zunguri Rachidou a ƙarƙashin tebur. Daɗi ya cika shi fal, don abin ya tafi daidai yadda ya tsara.

Ta biyu ta zo. Wannan karon ya kaɗa kofin yadda ya ga Baturen nan ya yi.

"An surka ta da ruwa."

Kunnuwan Sarkin Giya suka yi ja. Ya ce a gabansa aka cire marfi, ta ina ruwa zai shiga? Alhaji ya ce shi ma a gabansa ake kwance dilar shadda, amma yakan tarar da jabu a ciki.

"Baba," in ji Rachidou a hankali, "maganar da ta kawo mu."

"Bari in gama da mutanen ga tukuna."

Ta uku ja ce. Alhaji ya daɗe yana shinshina, ya rufe ido, ya buɗe, ya yanke hukunci. "Wagga ta kwana."

"Shekara goma sha biyu ta yi a kwalba, Monsieur!"

"To ka ji. Da bakinka ka faɗa."

Zuwa lokacin duk ɗakin ya daina cin abinci. Wani tsohon Bature mai gashin baki da ke tebur na kusa ya dubi kofinsa da shakka, ya yi shawara da matarsa, sannan ya taso da ladabi ya roƙi Alhaji ko zai taimaka ya duba masa tasa. Da Alhaji yana da mai ja masa riga a zuciya da nan ya tsaya. Ina! Sai ya miƙe, riga tana ƙara, ya taka har teburin mutane, ya shinshina, ya ce a mayar. Tsohon ya kira ma'aikaci ya mayar da kwalbar da ya riga ya sha rabinta yana yabawa. Wasu mata biyu a can lungu su ma suka ɗaga hannu. Alhaji ya bi su, ya kori ta ɗaya, ya yi wa ta ɗayar afuwa don kada a ce ba shi da adalci. A bakin madafa ma'aikata suka taru suna raɗa, wai lallai wannan ɗaya ne daga cikin masu zuwa a ɓoye su auna gidajen abinci su rubuta a jarida.

Rachidou ya sunkuyar da kai, gumi yana bin wuyansa. Wayarsa tana ta motsi a aljihu, Sahadatou ce ke tambayar yaya ake ciki.

Alhaji ya dawo ya zauna yana haki kamar wanda ya dawo daga yaƙi. Malam Issa, wanda tun ɗazu yake ta jan carbi, ya ɗago kai.

"Alhaji, ashe haka ka san abin ga?"

"Kaɗan-kaɗan, Malam."

"Da hanci kawai kake gane mai kyau da marar kyau. Ni na ga irin wanga sani ba a kwana ɗaya ake samun shi ba. Shekara nawa ka yi kana wanga karatu?"

Rachidou ya taka ƙafar baffansa da ƙarfi. Amma an tambayi Alhaji Nouhou daɗewarsa a kan wani ilimi, kuma bakinsa bai taɓa koyon amsa ƙarama ba.

"Haba Malam! Ai tun ba a haifi yaron ga ba."

"To," in ji Malam Issa. "Madalla." Ya mayar da carbinsa aljihu.

Sai da maganar ta fita sannan Alhaji ya ji ta da kunnensa.  Ya buɗe baki zai gyara, sai ga mai gidan abincin da kansa ya fito, ƙaton mutum da farar hular masu dafuwa, Sarkin Giya yana biye da shi ɗauke da wata kwalba duk ƙura, wani kuma yana riƙe da ɗan bokitin azurfa. Mai gida ya rusuna ya ce wannan kwalba kakansa ne ya ajiye ta, ba a fito da ita sai don babban baƙo. Ya ce amma ya lura da abu guda, Monsieur bai kai ko ɗaya bakinsa ba. Ba ya yiwuwa a kushe gidansa da hanci kaɗai. Don Allah ya kurɓa, in ya so ya tofar a bokiti, yadda masana suke yi.

Aka zuba, ja wur, har kusan rabin kofi. Mutane suka juyo da kujerunsu. Tsohon mai gashin baki ya matso don kada wani abu ya wuce shi.

Alhaji ya dubi kofi, ya dubi Malam Issa. In ya kurɓa, aure ya mutu a nan take. In ya ƙi, me zai ce wa ɗakin nan da ya gama yi wa sarauta? Ya ga babu abin yi sai jan lokaci, ko Allah zai kawo dabara. Ya ɗauki kofin ya hau kaɗawa. Ya kaɗa dama, ya kaɗa hagu, ya ɗaga sama yana duban launi, ya sake kaɗawa.

Duk mai saka babbar riga ya san halinta. Hannunta ba ya zama a kafaɗa, yana zamewa, kuma mai ita ba ya tunani kafin ya wurga shi sama, jiki ne ya saba. To hannun rigar Alhaji na dama ya zame ya rufe masa yatsu. Shi kuwa ya yi abin da yake yi sau ɗari a wuni, ya wurga shi bisa kafaɗa da ƙasaita, ya manta abin da ke hannunsa.

Giyar kakan mai gida ta tashi sama ta bazu. Kashi ɗaya ya sauka a farin gemun Malam Issa ya gangara kan jallabiya. Kashi ɗaya ya dawo wa Alhaji a ƙirjin riga. Sauran ya jiƙa farin ƙyallen nan ya tsiyaye cikin goron neman aure.

 Sarkin Giya ya dafe kai da hannu biyu.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Malam Issa. Bai ɗaga murya ba. Ya ɗauki tsumman goge baki ya tsane gemunsa, ya dubi rigarsa, ya ce, "Shekara saba'in ban taɓa ta ba, yau ga shi ko la'asar ba ni da rigar yi."

"Malam, tsautsayi..."

"Dakata, Alhaji. Daga nan gida za ni, ƙanena shina jira in gaya mai irin gidan da ɗiyarsa za ta shiga. Abu ɗaya nika so ka taimake ni da shi. Ko dai abin da ka nuna nan gaskiya ne, ka san giya tun ba a haifi yaro ba, kai mashayi ne. Ko kuwa ba ka san komi ba, ƙarya ka tara mu kana yi. Wanne zan faɗa mai?"

Kowa zai zaci amsar ba ta da wuya. Amma Alhaji Nouhou ya tsaya yana aunawa. Mashayi dai mummunan suna ne, sai dai ko ba komai akwai sani a cikinsa. Ɗayan kuwa sai ya furta kalmar da bai taɓa furtawa ba tun da ya zo duniya. Ya dubi tsohon mai gashin baki, wanda har yanzu yake kallonsa da girmamawa. 

"Baba!" in ji Rachidou.

Alhaji ya juya ya ga idon yaron ya cika da ƙwalla. Shi ya kai shi makaranta ranar farko, shi ya yi jinyarsa lokacin ƙyanda, kuma bai taɓa ganin ya dube shi da irin wannan tsoro ba. Tausayi ya kama shi, kunya ta rufe shi.

"Ban sani ba," in ji shi can ƙasan maƙoshi.

"Kunnena ya tsufa, Alhaji."

"Ban san komi ba a kanta! Duk warinsu ɗaya ne, kamar ruɓaɓɓiyar tsamiya. Wani Nasara na gani ya yi, ni ma na yi."

"To faɗa ma bawan Allah ga da harshensa," in ji Malam Issa, yana nuna Sarkin Giya. "Shi ka ci ma mutunci gaban maigidansa."

Haka Alhaji Nouhou na Belleville ya miƙe tsaye, jan tabo a ƙirji, ya gaya wa cikakken ɗaki da Faransanci cewa shi Musulmi ne, bai taɓa shan giya ba, bai san ta ba, shadda yake sayarwa. Matan nan biyu na lungu suka fashe da dariya har ɗaya ta sarƙe. Tsohon mai gashin baki ya hau kiran ma'aikaci a dawo masa da kwalbarsa, matarsa tana yi masa faɗa. Mai gida ya ɗauki abin da ya rage na giyar kakansa ya koma ciki. Batun kwalaben da aka buɗe kuwa, wannan tsakanin Alhaji ne da aljihunsa, ba mu shiga.

Sarkin Giya ya matso. "Amma Monsieur, me ya hana ka ce ba ka sha? Muna da ruwan tuffa mai kyau ƙwarai. Kullum muna ba baƙi irinku."

Rachidou ya ɗaga kai yana kallon rufi.

Malam Issa ya tashi, ya yafa tsumman tebur a ƙirji don rufe tabo. Sai aka ga gemunsa yana motsi, ashe dariya ce yake dannewa.

"Maƙaryaci ana zama da shi," in ji shi. "Kowane dangi akwai nasu, mu ma muna da biyu. Kai kuma Rachidou, yaron da ya tashi hannun wanga mutum bai haukace ba, zai iya riƙon mace. Na ba ka. Ku zo gida Rillieux da sabon goro, ku zauna ƙasa kamar mutane. Alhaji, ka zo da ƙaramar riga."

Rachidou ya durƙusa nan tsakiyar gidan abinci yana godiya, hawaye sharɓe-sharɓe. Kafin su kai ƙofa ya riga ya kira Sahadatou, ana jin ihunta daga cikin waya.

Alhaji da Rachidou suka kama hanyar tasha a ƙasa, don mai taksi na farko da ya shaƙi warin Alhaji ya ce motarsa ta lalace. Alhaji yana tafe rungume da kwanon jiƙaƙƙen goro, bai ce komai ba. Suka haye gada bai yi magana ba, suka wuce kasuwa bai yi wa kowa bayanin komai ba. Rachidou bai taɓa jin shirun baffansa mai tsawo haka ba, har abin ya fara damunsa.

"Baba, na gode. Na san abin da ka yi bai da sauƙi."

Alhaji ya gyaɗa kai. Suka ƙara 'yar tafiya. Sannan ya waiga dama da hagu, ya tabbata babu Malam Issa a kusa, ya matso kunnen yaron.

"Amma ka ga ta ukun nan? Wallahi ta kwana."